Hannun Jarin Baba

Da zarar mutum ya ji ina aiki a kasuwar hannun jari, sai ya ɗauka wuni nake cikin ihu da ɗaga hannu, kuɗi na zubo mini ta rufi. Ina ma! Ihun nan an daina shi tun kafin a ɗauke ni aiki. Zauren da dillalai suke cikawa da hayaniya a da, yanzu kujeru ne a jere babu kowa a kansu, sai manyan allunan farashi da ke ta ƙyalli suna canja lamba. Ciniki ya koma cikin kwamfuta, kowane dillali yana can ofishinsa. Ni kuwa ina hawan sama, a sashen sanarwa, cikin ɗaki mai taga ɗaya wadda ba a taɓa ganin ta buɗe ba.

Aikinmu ba shi da wuyar faɗa. Duk kamfanin da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar, idan yana da labari, mai daɗi ko marar daɗi, wurinmu yake fara kawo shi. Mu duba, mu tsara, mu sake shi ga kowa a lokaci guda, don kada wani ya riga wani ji ya ci da guminsa. Tsakanin zuwan labari da sakinsa kuwa, mu kurame ne kuma bebaye. Wayoyinmu suna wuni a akwatin ƙarfe da ke bakin ƙofa. Ba ma cin abinci da dillalai, ko a matakala muka haɗu gaisuwa ce kawai, kowa ya kama gabansa.

Shugabar sashenmu, wadda muke kira Kwaɗo a bayan idonta, amsa ɗaya ta koya mana: "Ba na maganar aiki." Ta ce mu riƙa faɗar ta kullum, ko da labari ko babu, da fuska ɗaya da murya ɗaya. Dalilinta shi ne, wanda ya saba jin surutunka, ranar da ka kame baki ya san akwai abu, shiru ma ai magana ce. Na riƙe wannan karatu na yi ta maimaita wa mutane har suka gaji da ni. Ƙawayena suka ce na cika girman kai. Wani da ya so aurena ya ce hira da ni kamar hira da ƙofar banki ce, ya ƙara gaba, ban kuma ga laifinsa ba. Mutum ɗaya ne a duniya ban taɓa yi wa wannan amsa ba, shi ne Baba.

Baba ya yi aiki a kamfanin kwalabe tun yana saurayi har ya yi furfura, a gaban tanderun da ake narka gilashi. Zafin wurin ya cinye masa gashin hannu, ya bar masa tari. Da aka sallame shi, sai ya kwashi kuɗin sallamarsa kaf ya sayi hannun jarin kamfanin nan dai. Yaya, babban wana, ya yi faɗa har muryarsa ta dishe, ya ce ko ɗan koyo ya san ba a tara komai wuri guda. Baba ya ce shi ya san tanderun nan kamar yunwar cikinsa, kuma muddin mutane na shan lemo da magani, kwalba ba za ta rasa mai saye ba. Da ribar da ake rabawa yake biyan hayar ɗakunansa biyu, ya sayi maganin tari, ya yi cefane. Abin da ya fi tsana a rayuwa shi ne ya miƙa wa ɗansa hannu.

Tun da Inna ta rasu muka gane cewa ni da shi ba mu iya hira ba. Ashe ita ce take riƙe da zaren. Bayan rasuwarta mukan zauna kamar baƙi biyu a tashar mota, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Kwalaben nan ne suka cece mu. Duk ranar Alhamis, in na tashi daga aiki, sai in biya ta wurinsa. Ina sallama zai ce, "Auta, yau nawa muka tashi?" In faɗa masa farashin da kowa ya gani a allo, wanda shi ma ya riga ya ji a rediyo, sannan in ɗora da tsiya: "Mai kamfani, an ce kwalabenku sun fara tsagewa." Ya ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi!" Daga nan hira ta ɓarke, ya yi ta ba ni labarin tanderu da na abokansa da suka mutu, har shayi ya huce. A mako guda, wannan yammacin ne kaɗai nake magana ba tare da na auna ta ba.

Baba ya san dokarmu sarai. Ranar da aka ɗauke ni aiki an sa na ba da sunayen dangina na jiki masu hannun jari, aka zuba su cikin na'urar sashen sa ido. Idan ɗan'uwan ma'aikaci ya saya ko ya sayar gab da fitar wani labari, na'urar za ta nuna. Ba a dogon musu a kan ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Kora ce, sannan kotu, kuma ba za ka sake aiki a wannan fanni ba har abada. Da na bayyana wa Baba, dariya ya yi har da tari, ya ce, "Wato an rubuta ni cikin ɓarayi tun ban yi sata ba."

Wata Alhamis da rana Kwaɗo ta kira mu ɗakin ciki ta rufe ƙofa. Ta ce masu binciken asusun kamfanin kwalabe sun ƙi sa hannu a rahoton shekara, sun tono bashin da aka daɗe ana ɓoyewa, wanda ya fi ƙarfin kamfanin nesa ba kusa ba. Hukumar kasuwa za ta zauna ranar Juma'a bayan an tashi, Litinin da safe kuma, kafin a buɗe, za a dakatar da cinikin hannun jarinsa. Duk wanda ke ɗakin ya san irin wannan dakatarwa ba a dawowa daga ita. Wanda Litinin ta same shi riƙe da kwalabe, takarda kawai ya riƙe.

Da sauran suka fita ta tsayar da ni.

"Na san mahaifinki yana ciki," ta ce. "In ba za ki iya ba, ki faɗa yanzu."

"Ranki ya daɗe, ai na riga na ji. Ko na fita, wa zai cire shi daga kunnena?"

"To ki saurara. Kada ki canja komai. Inda kika saba zuwa ki je, abin da kika saba faɗa ki faɗa. Wanda ya fasa abin da ya saba, ya yi sanarwa."

Na so in tambaye ta ko ita tana da uba, amma na ce to.

Na sayi burodi da lemun zaƙi kamar kullum. Na same shi a kujerarsa ta bakin ƙofa, rediyo a cinya, ya riga ya ɗora ruwan shayi.

"Auta, yau nawa muka tashi?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya zuba mini ido yana murmushi, yana jiran tsiyar. Shekara da shekaru ina ce masa kwalabe sun tsage muna dariya, yau da suka tsage da gaske na kasa. Na tsuguna na hau yanka burodi.

"Yau ba tsiya?" ya ce.

"Na gaji ne, Baba."

"Sannu. Aikin zama ma gajiya ne da shi, mu da muka yi na tsaye ba mu sani ba."

Muka sha shayi. Ya ba ni labarin famfon bayan gida da ke ɗiga, mai gida ya ƙi gyarawa. Na fara jin kamar zan tsira. Can sai ya ajiye kofi ya ce, "Af, na manta. Dillalina, Mai Gilas, ya ce farashi ya ɗan sauka, wai lokacin ƙari ne. Akwai 'yan canjin da na ajiye. Ke me kika gani?"

Ban san lokacin da ta fito ba. "Ba na maganar aiki."

Da muryar ofis ta fito, a bushe, irin wadda nake yi wa dillalai. Baba ya dube ni. Ba kallon fushi ba ne, irin kallon da ya ce yana yi wa narkakken gilashi ne ya san ko ya nuna. Na sunkuyar da kai ina tattara ɓawon lemo. Sannan ya ce, "To." Ya koma kan maganar famfo, ya ce wataƙila robar ciki ce ta cinye. Da na tashi tafiya ya ɗauki sandarsa ya raka ni har bakin titi, abin da ya daina yi tun da gwiwarsa ta fara damunsa. Ya tsaya har na shiga mota.

A cikin motar na san na yi ɓarna. Ban faɗa ba, amma ya ji, kuma ga Juma'a guda cur a gabansa, kasuwa a buɗe.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan Juma'a ba. Allon da ke gabana yana nuna duk cinikin da aka yi, amma ba ya nuna suna. Duk lokacin da kwalabe suka motsa sai in ce ga Baba nan. In ya sayar, ya tsira da gumin rayuwarsa, ni kuma tawa ta ƙare. In bai sayar ba, ina nan a kujerata, shi kuma ya tashi a tutar babu. Gaskiyar magana, duka biyun na roƙa. Da safe na roƙi Allah ya sa ya sayar, kafin azahar na roƙi kada ya sayar, na ji kunyar kaina, na sake komawa ta farko. Da lokacin abinci ya yi na zauna a matakalar da ke kallon tsohon zauren, na buɗe kwanona na rufe. Ginin cike yake da mutane, amma babu ko ɗaya da doka ta yarda in gaya wa abin da ke cina, in ban da Kwaɗo, ita kuwa gara in gaya wa bango.

Asabar da Lahadi na yi su a ɗakina. Na wanke kayan da ba su yi datti ba, na goge tagogi. Na ɗauki waya na ajiye ban san iyaka ba. Ban kira shi ba, shi ma bai kira ni ba.

Litinin da safe ni aka ba sakin sanarwar, don ranar layina ce, Kwaɗo kuma ba ta canja layi don kowa. Na danna. A allo, wurin farashin kwalabe ya koma fari, aka rubuta an dakatar. Wajen azahar mutumin sashen sa ido ya leƙo, wani siriri da ba ya kallon mutane a ido, ya ce wa Kwaɗo sun bi sunayen dangin ma'aikata duka, sashenmu tsaf yake, ba wanda ya motsa. Kwaɗo ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin yi aikinki." Saura kaɗan in ciji hannun.

Da na ɗauko wayata daga akwati, kiran Yaya ne jere. Ban kai ga fita daga ginin ba ya sake kira.

"Sunan sashenku ne a ƙasan sanarwar nan," ya ce, ko sallama babu. "Kin sani."

"Yaya, ka san ba na..."

"Kada ki kuskura ki yi mini wannan karatun! Ranar Alhamis kin je, kin zauna, kin sha shayinsa, kin kalli tsabar idonsa kin taso. Mutumin da ya ƙone hannunsa ya biya miki makaranta! Kalma ɗaya, Auta. Ko tari kika yi ai da ya gane. Wane irin aiki ne wannan da ya fi uba?"

Ina da amsa. Ina da dogon bayani a kan cewa duk wanda ya sayar da sani, wani marar sani ne ya saya. Amma bayani ne na ɗakin taro, ban ga yadda zan faɗa wa wana shi a bakin titi ba. Ya kashe wayar.

Na wuce gidan Baba kai tsaye. Kujerar bakin ƙofa babu kowa. Na same shi a bayan gida, ya tsuguna da ƙyar gaban famfo da sifana a hannu, ya kwance kan yana duba robar. Na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na tsaya riƙe da jaka, na rasa ta inda zan fara.

"Riƙe mini nan," ya ce.

Na riƙe bututun. Ya ɗaura, ya buɗe, ya rufe, ɗigar ta tsaya. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, muka koma ɗaki. Sai da ya zauna numfashinsa ya daidaita sannan ya yi magana.

"Na je wurin Mai Gilas ranar Juma'a."

Na ɗago.

"Tun kafin su buɗe nake can. Na zauna a bencin nan na bakin ƙofarsa. Ya leƙo ya ce, Baba, ƙari ne? Na ce a'a. Ya ce to sayarwa? Na ce hutawa nake yi. Na miƙe na zauna, na miƙe na zauna, har mai sharar wurin ta tambaye ni ko cikina ke ciwo. Magana ɗaya ce fa, Auta. In ce masa sayar, shi ke nan, ya danna."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"Ba zan yi miki ƙarya in ce tausayin mai saye ya hana ni ba. Ban kai nan ba. Sunana da ke cikin na'urarku na tuna. Na ce ni na ci zamanina, na ƙone abin da zan ƙone. Ke kuwa in suka kore ki da sunan ɓarauniya, ina za ki? Ba miji, ba ƙawa, aikin nan kaɗai gare ki." Ya yi tari, ya share baki. "Ina zaune har aka tashi kasuwa. Na hau mota na dawo."

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun ranar Inna. Na durƙusa na kama gwiwarsa ina cewa ya yafe mini. Bai rarrashe ni ba, Baba bai iya rarrashi ba. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce in tashi in share fuska, akwai sauran magana.

"Yayanki yana hanya. Kada ki gaya masa na je."

"Baba, in ya san ka gane, ai zai..."

"Zai yi me? Kin san bakinsa ba linzami. In ya sani, kafin gobe duk abokansa sun ji cewa Auta ta yi wa ubanta ishara, tsohon ne ya ƙi sayarwa. Da alfahari ma zai faɗa, don ya wanke ki. A wurinku kuwa ishara da magana duk ɗaya ne, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To kin ga an yi biyu babu ke nan. Kuɗina sun tafi, ke ma kin bi su."

"Zai tsane ni, Baba."

"Zai tsane ki," ya ce. "Ki ɗauka. Ni ma na ɗauki nawa."

Ba a jima ba muka ji tsayuwar mota. Yaya ya shigo da sallama, na gaishe shi, ya wuce ni kamar ya wuce turmi. Ya tsuguna gaban Baba ya yi masa jaje, don Yaya duk zafinsa yana son Baba kamar ransa. Sannan ya nuna ni da haɓa ba tare da ya juyo ba.

"Baba, ranar da ta zo, ba ta ce maka komai ba?"

"Ko kalma," in ji Baba. "Ta sha shayinta ta tafi."

Sai a lokacin Yaya ya dube ni. Na gwammace da mari ya yi mini. Ya juya ga Baba ya ce ba sauran maganar haya, ƙarshen wata zai zo da mota a kwashe kaya, an riga an share masa ɗakin da ke kusa da na yara. Baba, wanda bai taɓa yarda ya kwana gidan ɗansa ba, ya ce to, Allah ya yi albarka.

"Ke kuma," Yaya ya ce, "gidana ba ofis ba ne, ba mu da sirrin da za a riƙe mana. Kin san hanyar wurin aikinki."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, maganar tana kan harshena. Ta bayan kafaɗar Yaya na ga Baba ya girgiza kai kaɗan, sau ɗaya. Na rufe.

Na ɗauki jakata na ce musu sai da safe. Baba ya bari sai da na kai bakin ƙofa, sannan ya ce in ja ta da ƙarfi, ba ta rufuwa da kyau.